Darasi na Tara: Saka Hoto a Ƙarshen Imel, da Abin Yi Idan Ya Ƙi Fitowa

A darasin da ya wuce kun koyi rubuta imel da aika shi. Yau za mu gyara ƙarshen wasiƙar. Duk wanda ya taɓa karɓar takarda daga ofis ya san akwai sa hannu da hatimi a ƙasanta. Imel ma yana da nasa. Ana rubuta suna da sana'a da lambar waya sau ɗaya, a ajiye, daga nan kowane saƙo da kuka aika zai fita da su a ƙasa ba sai kun sake bugawa ba. Wannan shi ake kira sa hannun imel. Mai shago zai iya ƙara tambarin shagonsa, ƙungiyar mata masu sana'a za ta iya saka alamarta.

Za mu yi misali da Gmail, na kamfanin Google, wanda ya fito a 2004, domin shi ne a hannun yawancinmu.

Shirya hoton tukuna

Nan mutane da yawa suke kuskure. Hoton da wayarku ta ɗauka kan kai nauyin megabait 3 ko 4. Ya yi wa sa hannu yawa. Wanda kuka aika wa ne zai kashe datarsa wajen buɗe shi, kuma idan sabis ba ƙarfi zai gaji da jira ya rufe. Ku rage hoton ya koma ƙasa da kilobait 100, faɗinsa kamar fiksel 200 zuwa 300 (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto a allo). Megabait 1 kusan kilobait 1,000 ne, kun ga tazarar. Idan ragewar ta gagare ku, yaron shagon kwamfuta zai yi muku cikin minti biyu.

Ku duba wutsiyar sunan hoton. Idan ta ƙare da JPG ko PNG, lafiya. Wayar iPhone takan ajiye hoto da HEIC, masu zanen tambari kuma sukan ba da SVG. Waɗannan biyun ba ko'ina suke buɗewa ba, a sauya muku su.

Yadda ake sakawa

Wannan aikin na kwamfuta ne. Akwatin sa hannu da ke cikin manhajar Gmail ta waya rubutu kawai yake karɓa, kada ku wahalar da kanku neman wurin hoto a can.

Ku buɗe Gmail. A sama, hannun dama, akwai wata alama zagayayya mai haƙora kamar giyar keke. Ku danna ta, sannan ku danna inda aka rubuta "See all settings". Ku yi ta gangarowa har ku iske kalmar "Signature". Ku danna "Create new", ku raɗa wa sa hannun suna, ko da "shago" ne. Fili zai buɗe a gefe. Ku fara rubuta sunanku, sana'arku, garinku da lambar waya. Sai ku nemi ƙaramar alama mai kama da dutse a cikin firam, a layin da ke ƙarƙashin filin. Ita ce ta hoto. Ku danna, ku zaɓi "Upload", ku ɗauko hoton daga kwamfutar. Idan ya fito ƙato, ku danna kansa, za a ba ku zaɓin ƙarami, matsakaici ko babba.

Saura abu biyu, kuma su ake yawan mantawa. A ƙarƙashin filin akwai wurin da za ku zaɓi sa hannun da zai riƙa fita a sabon saƙo, da wanda zai fita idan kuna mayar da amsa. Idan ba ku zaɓa ba, babu abin da zai fita. Sannan ku gangara can ƙasan shafin ku danna "Save Changes". Wanda ya rufe bai danna ba, aikinsa ya tafi a banza. A aji nakan ga haka kusan kowane zango.

Me ya sa hoto yake ƙin fitowa?

Ku saurara da kyau a nan, don wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin. Sau da yawa hoton ba ya cikin saƙon. Yana ajiye a wata ma'ajiya a intanet, saƙon adireshinsa kawai yake ɗauke da shi. Kamar ku aika yaro da wasiƙa, a ciki kun rubuta cewa hoton yana gidan wane, a je a karɓo. Idan mai gidan ya rufe ƙofa, ko ya tashi, ko an hana yaron shiga, sai a dawo hannu rabbana. A kan allo abin da za a gani shi ne ƙaramin akwati fanko, wani lokaci da jan kuros a kusurwarsa.

To, wa ya rufe ƙofar? Wani lokaci ku ne. Idan daga Google Drive, wato ma'ajiyar Google ta intanet, kuka ɗauko hoton kuma ba a buɗe shi ga kowa ba, ku za ku gan shi, wanda kuka aika wa ba zai gani ba. Haka idan kun goge shi daga can bayan wata biyu don neman fili. Haka idan kun kwafo shi daga wani shafi, masu shafin suka cire. Maganin duka ɗaya ne: ku cire tsohon daga sa hannun, ku sake ɗora hoton daga kwamfutarku.

Akwai kuma wani zaɓi a wurin rubuta saƙo mai suna "Plain text mode", wato zallar rubutu. Yana cikin ɗigo uku da ke ƙasan akwatin rubutu. Idan akwai alamar maki a gefensa, ku cire, domin muddin yana kunne hoto ba zai tafi ba.

Wani lokaci kuwa ba laifinku ba ne ko kaɗan. Outlook, na kamfanin Microsoft, wanda ofisoshi da yawa suke amfani da shi, yakan riƙe hotunan saƙo har sai mai karɓa ya ba da izini. Ba mugunta ba ce. Masu aika saƙonnin talla da na damfara sukan ɓoye ɗan mitsitsin hoto a saƙo, da zarar ya buɗe sai su san an karanta, adireshin na aiki. Gmail ma a da sai ya tambaya, sai a ƙarshen 2013 ya fara nuna hotuna kai tsaye, kuma har yanzu mutum zai iya mayar da shi yadda sai an tambaye shi. Saƙon da ya faɗa akwatin tarkace, wato "Spam", shi ma hotunansa a rufe suke. A irin wannan, sai ku ce wa mutumin ya duba saman saƙon ya danna wurin nuna hotuna.

Saboda haka ba na goyon bayan abin da wasu suke yi, su ɗauki hoton katin shagonsu gaba ɗaya, da suna da lamba da adireshi, su liƙa shi a matsayin sa hannu. Ranar da hoton ya ƙi fitowa, mai son sayen kaya ba shi da lambar da zai kira. Ko ya fito, ba zai iya kwafar lambar ba sai ya ɗauko biro. Lamba da suna a buga su da rubutu, tambari ya zauna a gefe.

Aikin aji

Kowa ya nemi abokin zama. Ku aika wa juna saƙo mai layi ɗaya, kowa ya buɗe na ɗan'uwansa a waya, sannan a kwamfuta. Kada ku gwada da aika wa kanku kawai, domin hoton da ke rufe ga wasu ku zai buɗe muku. Wanda nasa ya fito da akwati fanko ya rubuta a littafinsa inda ya ɗauko hoton da wutsiyar sunansa, ya kawo mu duba tare ranar darasi na gaba.