Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Allurar Insulin da Ƙwayar Sukari Bayan An Yi Wa Mutum Aiki

Washegarin ranar da aka cire wa gwaggona matsarmama a wani asibiti nan Zariya, nas ta shigo da ƙaramin sirinji ta ce za ta yi mata insulin. Gwaggo ta shekara tara tana shan ƙwayar sukari safe da yamma, ba a taɓa yi mata wannan allura ba, saboda haka sai ta janye hannunta ta dube ni ta ce, "Ɗana, ka ce su ba ni ƙwayata. Wanda aka fara wa wannan allura ai tasa ta ƙare." Wannan tsoro ya yi yawa a gidajenmu, kuma na ga ya sa majinyata sun ƙi maganin da ya fi dacewa da su a kwanakin da suka fi bukatarsa. Likita ne mai yanke hukunci a kan magani, amma mai jinyar da ya san abubuwan da likita yake dubawa zai iya yin tambayar da ta dace, ya kuma kwantar wa marar lafiyarsa da hankali.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, aiki da kansa yana ɗaga sukari. Jiki yana ɗaukar yanka a matsayin farmaki, sai ya saki sinadaran tashin hankali irin su kotisol da adirenalin, su kuwa suna sa hanta ta zubo da sukarin da ta adana a cikin jini, suna kuma rage ƙarfin insulin ɗin da jiki ke samarwa da kansa, wato sinadarin da ke saukar da sukari. Idan aka haɗa da ƙarin ruwa mai sukari, da zazzaɓi, da allurar dexamethasone wadda ake yawan yi domin hana amai ko kumburi, sai a ga mutumin da sukarinsa ke zaune lafiya a gida ya haura sama ba tare da ya sa komai a baki ba. Sukari mai yawa kuma yana raunana sojojin jini da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, ɗinki ya yi ruwa ko ya tara mugunya, kwanan asibiti ya ƙaru.

Adadin da likitoci ke nema ga yawancin majinyatan da ke kwance shi ne 140 zuwa 180 mg/dL, wato kimanin 7.8 zuwa 10 mmol/L. A lura da waɗannan ma'aunai guda biyu, domin takardar ɗakin gwaji takan zo da mmol/L, mitar da aka saya a kemis kuma sau da yawa tana nuna mg/dL. Idan aka ninka lambar mmol/L sau 18 za a sami ta mg/dL. Wasu 'yan'uwa kan matsa a saukar da sukari ya koma kamar na mai lafiya, amma wani babban bincike mai suna NICE-SUGAR da aka wallafa a 2009, a kan majinyata fiye da 6,000 da ke ɗakin kulawa ta musamman, ya nuna cewa waɗanda aka matsa wa sukarinsu ya sauka ƙwarai sun fi mutuwa a kan waɗanda aka bari ƙasa da 180. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 mg/dL, ko 3.9 mmol/L, faɗuwar sukari ce, kuma tana iya halaka mutum cikin ɗan lokaci.

Tambaya ta farko da ke raba gardama ita ce: shin majinyaci ya fara cin abinci sosai, kuma abincin yana zama? Idan har yanzu an hana shi ci, ko yana amai, ko cokali biyu kawai yake iya kaiwa baki, insulin ce ta fi dacewa, domin ana iya ƙara ta ko rage ta cikin sa'o'i gwargwadon abin da awo ya nuna, alhali ƙwayar da aka haɗiya ba a iya dawo da ita. Wanda jikinsa ya yi tsanani akan ba shi insulin ta jijiya tare da ƙarin ruwa, ana awonsa kusan kowace awa ɗaya ko biyu. Wanda ya fi sauƙi akan yi masa ta ƙarƙashin fata, a auna shi duk bayan awa huɗu zuwa shida idan ba ya ci, ko kafin kowane abinci da lokacin barci idan ya fara ci. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ba ya samar da insulin ko kaɗan, ba a yanke masa insulin mai dogon zango ko da ba ya cin komai. Likita na iya rage adadin, amma tsayar da ita gaba ɗaya na jefa shi cikin haɗarin gurɓacewar jini da tsami, wanda kan kai ga suma.

Tambaya ta biyu ita ce halin ƙoda, kuma a nan ne maganar metformin take, ƙwayar da yawancin mutanenmu ke sha, wasu kan san ta da sunan Glucophage. Magani ne mai kyau, mai araha, wanda ba ya cika faɗar da sukari shi kaɗai, sai dai ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Bayan aiki, musamman idan an zubar da jini ko jiki ya bushe, ƙoda kan ja baya na 'yan kwanaki, maganin ya taru ya haddasa tsamin jini mai haɗari. Saboda haka akan dakata da shi har sai majinyaci yana ci yana sha, fitsari na fita yadda ya kamata, gwajin ƙoda kuma ya yi kyau. Idan lambar aikin ƙoda da ake kira eGFR ta yi ƙasa da 30, ba a shan metformin sam. Wanda aka yi wa hoto da ruwan rinin da ake ɗurawa ta jijiya, kuma dama ƙodarsa ba ta da ƙarfi, akan sa ya jira kimanin awa 48 a sake gwaji tukuna. Ina ba mai jinya shawara ya tambayi likita kai tsaye ko an yi gwajin ƙoda bayan aikin, kafin ya ciro ƙwayar da aka zo da ita daga gida.

Ƙwayoyin da na fi jin tsoro a wannan lokaci su ne glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, da 'yan'uwanta glimepiride da gliclazide. Aikinsu shi ne tilasta wa jiki ya saki insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Dattijon da ya sha Daonil da safe, sannan ya ture kwanon abincin rana saboda tashin zuciya, yana iya faɗuwa da dare, kuma faɗuwar sukarin da wannan ƙwaya ke jawowa takan daɗe, takan kuma dawo bayan an yi zaton ta wuce, balle ga mai raunin ƙoda. Ba a komawa kansu sai cin abinci ya daidaita sau uku a yini.

Sababbin ƙwayoyin da ke fitar da sukari ta fitsari, irin su empagliflozin da dapagliflozin, waɗanda ake sayarwa da sunan Jardiance da Forxiga, ana dakatar da su kwana uku kafin aikin da aka tsara, ba a kuma mayar da su sai mutum ya warware yana ci yana sha, domin suna iya jawo tsamin jini alhali mita na nuna sukari bai yi yawa ba. Sitagliptin da vildagliptin da linagliptin sun fi sauƙin sha'ani, kuma likita na iya amfani da su ga wanda sukarinsa bai hau sosai ba. Pioglitazone tana tara ruwa a jiki, don haka ba ta dace da mai ciwon zuciya ba.

Idan an tsaya a kan insulin, sai a san wadda aka rubuta, domin kowace da lokacinta. Mai garai-garai irin Actrapid tana fara aiki bayan kimanin rabin awa, ta ɗauki awa shida zuwa takwas, shi ya sa ake yin ta minti 30 kafin abinci, kuma wanda aka yi wa ita dole ne ya ci. Mai fari-fari irin Insulatard ta fi daɗewa, kuma ana murza kwalbarta a tafin hannu a hankali har ta gauraya kafin a ja. Mixtard 30 haɗin waɗannan biyu ne, ana yin ta sau biyu a yini, tana da sauƙi ga wanda abincinsa ke kan lokaci, amma ba ta dace da mai cin yau ya ƙi gobe ba. Lantus takan kai kusan awa 24 da allura ɗaya, NovoRapid kuma tana kamawa cikin mintuna kaɗan, har likita kan yarda a yi ta da zarar an ga majinyaci ya ci. Waɗannan biyun na ƙarshe sun fi tsada, kuma a ganina iyalin da ba su da hali su faɗa wa likita gaskiya tun farko, domin insulin mai araha da ake yi a kan kari ta fi mai tsadar da za a saya sau ɗaya a kasa sake saye. Akwai kuma tsarin da ake jira sai sukari ya hau sannan a yi allurar gyara kaɗai. Wannan bin baya ne, kuma idan aka wuce kwana ɗaya ko biyu a kansa sukari na hawa yana sauka, ya dace a tambayi likita ko za a ƙara mai dogon zango.

Ranar sallama ita ce ranar da ake yawan kuskure. Mutane na zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika daga Giwa da Soba da Maƙarfi da Funtuwa, wasu daga nesa fiye da haka, kuma wanda ya koma ƙauye da shakka a zuciyarsa ba zai sami wanda zai tambaya da tsakar dare ba. Kada a bar gado sai an rubuta sunan kowane magani da adadinsa da lokacinsa, an fayyace tsofaffin ƙwayoyin da za a ci gaba da su da waɗanda za a ajiye, an faɗi abin da za a yi ranar da majinyaci ya kasa cin abinci, kuma mai jinya ya ja allurar ya yi ta da hannunsa a gaban nas. Ana yin ta a cinya ko ciki, nesa da wurin ɗinki, ana sauya wuri kowane lokaci.

Sirinji ma yana bukatar ido. Da aka sallame mu, ƙanena ya sayo sirinji a wani kemis, na juya ledar na ga an rubuta U-40, wato na insulin mai ƙarfin 40 ne, kwalbar Gwaggo kuwa 100 IU/ml ce, mai ƙarfin 100. Da an ja har layin 10 a wannan sirinji, abin da zai shiga jikinta 25 ne, ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Lambar kwalba da ta sirinji dole su zama iri ɗaya. Kwalbar da ba a buɗe ba tana zama a firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a kusa da ƙanƙara ba, domin wadda ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe takan yi kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi. A zafin Maris da Afrilu, ga yawan ɗauke wuta, mu a gida mukan sa ta a gwangwani mai murfi, mu binne shi a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a gindin randa.

Kowa a gidan ya san alamun faɗuwar sukari: gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewa ko magana ba kan gado. Idan majinyaci na iya haɗiya, a jiƙa masa ƙaramin cokali uku na sukari, ko a ba shi rabin kofin lemo mai zaƙi, a sake awo bayan minti 15, a maimaita idan bai kai 70 ba, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Haka nan amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, ko sukarin da ya tsaya sama da 250 bai sauka ba, ko ɗinkin da ya yi ja yana zafi yana fitar da ruwa, duk dalilai ne na komawa ba tare da jiran ranar da aka ba da ba.

'Yan dubiya kan zo da lemon malt da dabino da zuma da kunu mai zaƙi, kuma alheri ne ya kawo su, sai dai mai jinya ya karɓa ya yi godiya ya ajiye wa wasu. Masu kawo jiƙon garafuni ko shuwaka su ma a nuna musu cewa haɗa shi da insulin na iya saukar da sukari fiye da ƙima, kuma babu mai iya auna ƙarfinsa. Idan watan azumi ya riski mutum yana wannan hali, Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ba marar lafiya damar ya sha ya rama, don haka ya tuntuɓi likitansa da malaminsa kafin ya ɗauka.

Komawa kan ƙwaya kuwa a hankali ake yi, kuma littafin awo ne ke nuna lokacinta. A riƙa rubuta kwanan wata da lokaci da lambar da mita ta nuna da adadin allurar da aka yi, a tafi da littafin ranar komawa asibiti. Yayin da ciwo ke warkewa bukatar insulin takan ragu, wani lokaci da sauri, kamar yadda take faɗuwa ga mai jegon da aka yi wa aikin haihuwa, saboda haka yawan ganin lamba kusa da 70 alama ce ta a nemi likita ya rage. Zai kuma duba gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce: idan dama yana da kyau kafin aikin, galibi ƙwaya za ta wadatar, idan ya yi sama ƙwarai, yana iya barin allura ɗaya ta dare tare da metformin. Gwaggo ta yi mako uku a kan insulin. Ranar da muka koma, likita ya buɗe littafin shafi-shafi, ya duba ɗinkin da sakamakon gwajin ƙoda, ya ce, "Hajiya, daga gobe ki koma kan metformin, Daonil kuma a dakata da ita sai kin dawo bayan mako biyu da wannan littafin."