Yadda Malami Zai Koya wa Ɗalibai Dabarar da Ta Ceci 'Yan Sama Jannatin Apollo 13

A watan Afrilun 1970 tankin oksijin ya fashe a kumbon Apollo 13 na Amurka, yana nisan kusan kilomita 320,000 daga duniya. Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka fake a ƙaramin kumbon sauka kan wata, wanda aka ƙera wa mutum biyu na kwana biyu. Ga su su uku, ga tafiyar kwana huɗu. Gurɓatacciyar iskar numfashinsu ta fara taruwa. Akwai matatun iska a babban kumbon, amma masu kusurwa huɗu ne, mazauninsu a ƙaramin kuwa zagayayye. Da leda, da kwali, da tiyon rigar sama, da salatif suka haɗa su.

Malamin kimiyya a ƙauyukan Ringim ko Dambatta zai iya gwada wannan a aji. Kowane rukuni na yara biyar a ba su ƙaramin kwalin shayi, leda mai kauri, tiyo kamu biyu, bangon littafi, auduga da salatif.

A yanke fuskokin kwalin biyu, gaba da baya, a cika shi da auduga sakwa-sakwa. Ita ce a madadin sinadarin da ke kama gurɓatacciyar iska. Sai a lanƙwasa bangon littafi kamar bakan gizo a kan fuska ɗaya, a lulluɓe shi da leda, a naɗe bakinta da salatif zagaye biyu. A huda ledar, a zura tiyo, a liƙe. Yaro ɗaya ya zuƙi iska ta tiyon, wani ya riƙe gashin kaza a ɗaya fuskar. In gashin ya manne, aiki ya yi.

Nan ne yara suka fi tuntuɓe: sai su ga bangon littafin ba shi da amfani su jefar. Da an zuƙa, ledar ta shafe a jikin kwali ta toshe hanya. Malam kada ya yi saurin gyara musu, ya bari su gano da idonsu. In kuma gashin bai motsa ba, iska na satar hanya ta gefen tiyo, sai a ƙara salatif a wurin.

Ya kamata yaro ɗaya ya zauna bayan allo yana karanto matakan da baki kawai. Haka jami'an cibiyar kula da tafiyar da ke birnin Houston na Amurka suka yi wa 'yan sama jannatin ta rediyo, ba hoto, har mutanen uku suka sauka lafiya a tekun Pasifik ranar 17 ga Afrilu.