Darasi na Bakwai: Idan Gas Ya Ƙi Zuwa Murhu

An ɗora sanwa, yara suna jiran abin kari, an murɗa makunni, wuta ta ƙi kamawa. Ko kuma ta kama, amma ƙasa-ƙasa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Wannan yana faruwa ga uwargida a madafa, da mai shayi a tasha, da direban babbar mota mai ɗauke da ƙaramar tukunyar gas a tafiya.

Gas yana da hanya ɗaya tak. Daga tukunya yake fitowa, ya bi ta regileta, wato kan da ake maƙalawa a bakin tukunya don rage ƙarfinsa, ya shiga tiyo, ya isa murhu. Duk matsalar da za ta taso tana kan wannan hanya. Sai a bi ta daki-daki, daga tukunya zuwa wuta.

Hanci ne kan gaba

Kafin ka taɓa komai, shinshina. Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai domin a gane idan yana yoyo. In ka ji wannan wari, rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da tagogi, ka fitar da yara. Kada ka kyasta ashana. Kada ka kunna ko kashe makunnin lantarki, domin ɗan tartsatsin da ke cikinsa ya isa ya ta da gobara. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Shi ya sa ɗaki mai rufe yake da haɗari ƙwarai. In warin ya ƙi tafiya, a kira 'yan kwana-kwana. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112.

Ko akwai gas a ciki?

Sau da yawa babu abin da ya lalace, gas ne ya ƙare. A jikin hannun tukunya ko kafaɗarta akwai haruffa TW da lamba a gefe. Wannan shi ne nauyin tukunya ba komai a ciki. Ɗora ta a sikeli, ka cire wannan lamba daga abin da sikeli ya nuna. Abin da ya rage shi ne gas ɗinka.

In babu sikeli, kwarara ruwan ɗumi a gefe ɗaya na tukunyar, ka shafa da hannu daga sama zuwa ƙasa. Inda ka fara jin sanyi, nan gas ya tsaya, domin ruwa-ruwa yake a ciki.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon kowa ya daina: kwantar da tukunya ko jijjiga ta don a tatso sauran gas. Na ji wata tana ce wa maƙwabciyarta, "Yaya, ki kishingiɗa ta kawai, za ta ƙarasa miki tuwon." A'a. In tukunya ta kwanta, ruwan gas ne zai biyo tiyo maimakon iskarsa, kuma ruwan yana kumbura fiye da sau 200 idan ya zama iska. Wuta sai ta yi tsalle ta kai fuska. Tukunya a tsaye take aiki. Haka kuma a wurin ɗuri, ba a cika ta maƙil. Kashi 80 cikin 100 ake zubawa, a bar sauran fili domin gas yana kumbura da zafi.

Regileta da tiyo

Cire regileta ka duba bakin tukunya. Akwai 'yar baƙar roba a ciki. In ta tsage ko ta faɗi, gas zai riƙa tsiyaya, ka ji yana tsaki. A canza ta, ba tsada. Mayar da regileta, ka danna har ta zauna daram.

Wasu regiletoci suna da abin da ke tsuke gas da kansa idan ya yi gudu fiye da kima. A Amurka, masu jan ɗakin kwana da mota zuwa yawon daji sun san wannan sosai: in suka buɗe tukunya da gaggawa, ko murhu yana buɗe, sai wuta ta zo kaɗan alhali tukunya cike take. Maganin ɗaya ne da namu. Kashe murhu, rufe tukunya, jira mintuna kaɗan, sannan ka buɗe a hankali.

Bi tiyo da ido da hannu. Ƙafar tebur na iya danne shi, ɓera na iya gwaguya, zafi na busar da shi ya tsattsage. Dama sabulu da ruwa, ka shafa kumfar a duk mahaɗa da jikin tiyon, tukunya a buɗe, murhu a kashe. Inda kumfa ke tasowa tana girma, nan ne yoyo. Ba a ɗaure tiyon gas da leda ko robar taya. Sabo ake saya, kuma na gas, ba na ruwa ba.

Launin wuta

Wuta mai lafiya shuɗiya ce. In ta zama ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunyar girki, iska ba ta isar ta, kuma irin wannan wuta tana fitar da guba marar wari da ke sa ciwon kai, har ta kashe mutum a ɗaki rufe. Yawanci miya ce ko kunu ya zube ya toshe ramukan kan murhu, ko gizo-gizo ya yi saƙa a bututu. Bari murhu ya huce, cire kan, wanke shi, tsokale ramukan da siririyar waya ba tare da faɗaɗa su ba, ka bar shi ya bushe sarai. In bayan haka wuta ba ta gyaru ba, kai wa mai gyara. Regileta kuwa ba a kwance cikinta a gida.

Aikin yi

An rubuta TW 13 a jikin tukunya. Sikeli ya nuna kilo 15. Kilo nawa na gas ya rage? Idan ka koma gida, nemo haruffan TW a tukunyarku, ka rubuta lambar a littafinka, ka zo da ita aji.