Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kan zobe mai hawa-hawa

In jarrabawar aljabra ta gabato, ɗalibai kan tsallako gadar Kennedy ta Yamai daga unguwar Harobanda su same ni a fada da yamma, kuma kusan wuri guda suke tuntuɓe.

A aljabra, zobe tarin abubuwa ne da ake iya tarawa, ɗebewa da ninkawa. Zobe mai hawa-hawa shi ne wanda aka kasa gida-gida, kowane gida da darajarsa. In ka ninka ɗan gidan g da ɗan gidan h, sakamakon yana gidan g+h. Abin da ke cikin gida guda kaɗai mukan ce masa tsantsa.

Babban kuskuren shi ne ɗalibi ya tabbatar cewa ninkin tsantsa biyu ba ya ba da sifiri sai ɗayansu sifiri ne, daga nan ya rubuta wai zoben gaba ɗaya ba shi da masu raba sifiri, wato abubuwan da ba sifiri ba amma ninkinsu ya ba da sifiri. Wani yaro ya tsaya kai da fata: "Malam, ai kowane abu jimlar tsantsa ne!" Na ce ya ɗauki Q[x]/(x²−1), wato zoben da x² yake daidai da 1 a cikinsa, darajojin kuma daga Z/2Z, wato 0 da 1 kawai. Tsantsa a nan ko lamba ce zalla ko lamba sau x, kuma x sau x daidai yake da 1, don haka babu tsantsa biyu da za su kashe juna. To, ninka 1+x da 1−x. Ya rubuta 1−x², ya ga sifiri, shayinsa ya huce a hannu.

Gyaran shi ne a fara duba rukunin darajojin tun kafin a taɓa zoben. In irin Z ne (cikakkun lambobi) ko Z², inda babu darajar da za ka yi ta tarawa da kanta ta komo sifiri, ƙa'idar Levi ta ce ana iya jera rukunin daga ƙarami zuwa babba yadda tarawa ba za ta ɓata jerin ba. Sai ka ɗauki abubuwa biyu na zoben waɗanda ba sifiri ba, ka ɗauko ɓangaren ƙoli na farkon mai daraja m, da na biyun mai daraja n. A gidan m+n babu abin da ke faɗawa sai ninkin waɗannan biyun, shi kuwa ba sifiri ba ne. Wannan layin ne suke tsallakewa a takarda, ni kuma a nan nake rage maki. A Z/2Z, 1+1 sifiri ne, ƙolin ma babu shi.

Akwai ƙanin wannan kuskure. A k[x, x⁻¹], inda k tsarin lambobi ne irin Q, duk tsantsar da ba sifiri ba tana juyuwa, wato akwai abin da za ka ninka ta da shi ka sami 1, sai su ce komai na juyuwa. Amma 1+x ba ya juyuwa: duk abin da ka ninka shi da shi, tazarar da ke tsakanin darajar sama da ta ƙasa ƙaruwa take da ɗaya, alhali 1 gida guda gare shi.

Sai masu yanke wa x²+y hukunci da ido. In x da y duka darajarsu 1, gauraye ne. In aka ba y daraja 2, tsantsa ne, kuma idiyal ɗin da ya haifa, wato tarin duk ninke-ninkensa, ya dace da gidajen. A rubuta darajar kowane harafi a saman takarda kafin a fara lissafi.