Babi na Shida: Kwamfutar Cinya Mai Yawan Mutuwa

Iyayena da yayyena, wannan babi na wanda kwamfutarsa take mutuwa ana tsakiyar aiki ne, ya kunna ta, bayan ɗan lokaci ta sake mutuwa. A ajinmu na yamma a Nima, cikin birnin Accra na ƙasar Ghana, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini wannan kuka ba, domin yawancin na'urorin da ke hannunmu tsofaffi ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, waɗanda 'yan kasuwa suke kira hom-yus. Kada kowa ya ga laifin kansa, kuma kada kunya ta hana shi tambaya.

Darasi na 1: A janye hannu, a ɗauki hoto, a rubuta

Mutuwar kwamfuta iri uku ce. Wani lokaci fuskarta, wato gilashin da rubutu yake fitowa a kai, takan rikiɗe ta zama shuɗiya da farin rubutu. Wani lokaci komai yakan ƙage, 'yar kibiyar nan da ke yawo a kan fuskar ta ƙi motsi. Wani lokaci kuma takan ɗauke ɗif kamar an hure fitila. Kowanne da dalilinsa, shi ya sa dole a san wanne ne ya faru.

Idan shuɗiyar fuska ta bayyana, ku janye hannuwanku daga madannai, kada ku zare caja, kada ku rufe murfi. Ku ɗauki wayarku ku ɗauki hoton fuskar nan take, domin ba ta daɗewa: akwai lamba da take hawa daga 0 zuwa 100, da ta cika sai kwamfutar ta sake tashi da kanta, rubutun ya tafi. A sababbin Windows 11, wato babbar manhajar da take tafiyar da kwamfutar, fuskar baƙa ce, amma aikin ɗaya ne. A can ƙasa za ku ga kalmomi biyu, Stop code, a gabansu kuma wasu kalmomi da manyan baƙaƙe, misali MEMORY_MANAGEMENT. Waɗannan kalmomi su ne sunan ciwon. Ba a ce sai kun san ma'anarsu ba, kwafe su kawai ake so.

Yanzu ku buɗe littafinku ku rubuta abu huɗu: ranar, lokacin, aikin da kuke yi sa'ad da ta mutu, da kalmomin da ke cikin hoton. Ku kwafa baƙi bayan baƙi, kuna ɗora yatsa a kan kowanne. Ku lura da sifiri da harafin O, kama suke yi amma ba ɗaya ba ne. Ɗan layin da ke kwance a ƙasa tsakanin kalmomi shi ma a kwafe shi. Ko hannu yana rawa babu komai, sannu ba ta hana zuwa.

Zan maimaita: hannu ya janye, hoto, sannan rubutu. Idan ta ƙage ne ba rubutu, ku jira minti biyu, sannan ku danne maɓallin kunnawa ku ƙirga ɗaya zuwa goma a hankali har ta mutu, kuma duk da haka ku rubuta rana da lokaci da kalmar "ta ƙage". Idan ɗif ta ɗauke, ku rubuta "ɗif", ku ƙara da ko caja tana jone ko ba ta jone.

A nan sai na ɗan yi faɗa, ku yi mini afuwa. Wata Hajiyarmu mai sayar da atamfa a kasuwar Makola, wadda take ajiye sunayen masu bashinta a kwamfuta, ta zo mini sau uku tana cewa, "Malam, ta sake yi." Na ce, "Hajiya, me ta rubuta?" Ta ce, "Turanci ne dai." To, wa zai je asibiti ya ce wa likita ba shi da lafiya kawai, ya yi shiru? Mun yi wata huɗu muna koyon baƙaƙe, ga ranar amfaninsu ta zo, sai a bar littafi a gida. Wanda ya zo aji ba rubutu, gaskiya ba zan taɓa kwamfutarsa ba.

Darasi na 2: Zafi da ƙura

Ku juya kwamfutar ku duba ƙasanta da gefenta, za ku ga ƙananan ramuka. Ta nan fankar da ke ciki take shaƙar iska tana fitar da zafi. Wanda ya ɗora ta a kan katifa, ko matashi, ko darduma, ya toshe mata hanci, kuma idan zafi ya yi yawa takan kashe kanta don kada ta ƙone. Ku ɗora ta a kan tebur ko faranti mai faɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana cika ramukan nan, sai a kashe kwamfutar a share su da busasshen buroshi, ba da ruwa ba. Idan littafinku ya nuna kullum da rana tsaka take mutuwa, a ɗaki mai rufin kwano, fanka tana kuka, to zafi ne. Kun ga amfanin rubuta lokaci.

Darasi na 3: Caja da batir

Idan batir ya mutu, duk sa'ad da aka yi dumso, wato aka ɗauke wutar lantarki, ko soket ya motsa, kwamfutar ɗif za ta ɗauke. Ku duba lambar da ta zo kafin harafin V a jikin caja, sau da yawa 19 ko 19.5, ta dace da wadda aka rubuta a ƙasan kwamfutar. Idan kun ga jikinta ya kumbura, ku daina amfani da ita, batirin yana iya kamawa da wuta.

Darasi na 4: Abin da aka jona ko aka sa

Ku cire filash da firinta da duk abin da aka jona, ku mayar da su ɗaya-ɗaya, kowanne da ranarsa. Idan bayan an sa wata sabuwar manhaja ne ciwon ya fara, a cire ta. Windows 10 kuma kamfaninta ya daina kula da ita tun 14 ga Oktoba, 2025.

Darasi na 5: Zuwa wurin mai gyara

Kafin ku hau torotoro, wato motar haya, zuwa Circle inda masu gyara suke, ku kwafe takardunku da hotunanku a filash, domin mai gyara yana iya goge komai. Ku tafi da caja da littafin.

Aikin gida: a kwafe CRITICAL_PROCESS_DIED sau biyar, a kawo ranar Asabar.