Yadda ake kunna kwamfuta daga nesa ba tare da ka taɓa ta ba

Kwamfutarka tana bitik a Wadata kai kuma kana gida Yantala, kana buƙatar wata takarda da ke ciki, kuma an kashe ta. Ana iya tada ta ta hanyar rezo, abin da ake kira Wake-on-LAN, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1995 kamfanin AMD ya fito da shi. Wayarka tana aika wani ɗan saƙo na bayit 102, FF sau 6 sannan lambar MAC, wato lambar shaida ta katin rezon kwamfutar, sau 16, katin yana jin lambarsa sai ya tada injin. Shi kenan.

Kafin komai, sai da kabil. Kar ka ɓata lokacinka da Wi-Fi, yawancin katunan Wi-Fi mutuwa suke yi murus idan an kashe injin. Kuma ni dai portabil ban ba da shawara, tur ta tebur ta fi, irin tsofaffin Dell da HP ɗin nan na hannu biyu ma suna yi lafiya lau, ba sai ka kashe kuɗi kan sabuwa ba.

Ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ke zuwa kafin Windows, lokacin tashi, ka danna F2 a Dell, F10 a HP, sauran galibi Suppr. Ka nemo Wake on LAN ko Power On By PCI-E ka kunna. To nan ne ƴan koyo suke tsayawa su ce sun gama, alhali akwai wani saiti a gefe da ke yanke wa katin kuran gaba ɗaya don tsimin wuta. Wasu injuna suna kiransa ErP, a Dell Deep Sleep Control ne, a HP S5 Maximum Power Savings. Ka kashe shi. In ka bar shi, ko saƙo dubu ka aika babu mai ji.

Sai Windows. Tunda namu yawanci da Faransanci suke, ka buɗe Gestionnaire de périphériques, Cartes réseau, ka danna katin kabil ɗin sau biyu, a Gestion de l'alimentation ka ba shi izinin tada injin, a Avancé kuma ka kunna Wake on Magic Packet. Sannan abin da ya fi kada mutane: Démarrage rapide. Tun daga Windows 8 idan ka danna Arrêter injin ba ya mutuwa na gaskiya, wani rabin barci yake shiga don ya tashi da sauri, kuma a wannan hali sau da yawa katin ba ya amsa kira. Na ga samari sun sauke aplikasiyon aika wannan saƙo kala-kala a waya suna zagin kowacce, wannan ba ta da kyau waccan ta bogi ce, alhali aplikasiyon ba ta da laifi ko kaɗan, duk saƙo iri ɗaya suke aikawa. Ka je Options d'alimentation, Choisir l'action des boutons d'alimentation, ka cire alamar da ke kan démarrage rapide.

Yanzu ga gwajin da nake so kowa ya yi kafin ya taɓa waya: ka kashe kwamfutar, ka leƙa bayanta inda kabil ya shiga, ka duba fitilar wannan kafa a jikin ruta ma, wato akwatin da ke raba intanet. In akwai ƴar wuta tana ci, katin yana raye. In duhu ne, koma BIOS, kar ka ci gaba, wallahi wahalar banza za ka sha.

Ka kunna ta, ka rubuta ipconfig /all a cmd, baƙar tagar nan ta rubuta umarni a Windows, ka kwafe Adresse physique, ita ce lambar MAC ɗin, ta katin Ethernet wato na kabil, ba ta Wi-Fi ba, mutane suna rikita su. Ka sa lambar a kowace aplikasiyon Wake on LAN, a gurbin por, wato ƙofar da saƙo ke bi, ka sa 9, wayar tana kan ruta ɗaya da injin, ka kashe ka gwada. Masu Linux ku kun san hanya, ethtool da wol g.

Matsalarmu ta nan ita ce yankewar kuran, musamman lokacin zafi. Injuna da yawa idan wuta ta ɗauke ta dawo ba sa jin kira sai an kunna su da hannu sau ɗaya. Ko dai ka sa ondilar, wato batirin da ke riƙe injin idan wuta ta ɗauke, ka jona ruta ma a jiki don ita ma in ta mutu zance ya ƙare, ko kuma a BIOS ka nemo AC Recovery ko Restore on AC Power Loss ka sa shi ya kunna kansa duk sanda wuta ta dawo. Ondilar ta fi, tana da tsada amma gara ita da yankewar wuta ta lalata maka diski.

Daga wajen gida kuwa, kar ka biye wa masu cewa ka buɗe por a ruta. Koneksiyon irin ta sim galibi lambar IP ɗaya mutane da yawa suke rabawa, saƙonka ba zai iso ba, kuma ko ya iso ruta tana manta adireshin injin da ke kashe bayan ɗan lokaci. Ka bar wani ƙaramin abu a kunne a bitik ɗin, ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko wata tsohuwar kwamfuta, ka shige shi ta Tailscale, aplikasiyon da ke haɗa na'urorinka ta intanet kamar suna rezo ɗaya, shi ya aika saƙon daga ciki. AnyDesk ma, aplikasiyon shiga kwamfuta daga nesa, yana yi idan akwai wata na'ura mai AnyDesk a kunne a rezo ɗaya. In kwamfutar ta tashi sai ka shiga ka ɗauki takardarka, ka sa kalmar sirri mai ƙarfi dai, ba sunan ɗanka ba.