Yadda ake gina kasuwar gwaji a kwamfuta don auna tunanin 'yan kasuwa

Kayan aikin ba su da yawa: manhajar NetLogo, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, ko manhajar Mesa ga wanda ya iya Python, yaren rubuta manhaja. Da ɗayansu za ka ƙirƙiri 'yan kasuwa na kwaikwayo a cikin kwamfuta.

Ka fara da dokar ciniki. Mafi sauƙi ita ce gwanjo mai fuska biyu: masu saye suna tayawa, masu sayarwa suna faɗin kuɗin da za su sallama, da zarar tayi ya kai, ciniki ya faɗa. Kowane mai saye ka ba shi iyakar abin da zai iya biya, kowane mai sayarwa ka ba shi uwar kuɗin kayansa, kuma kada wani ya san na wani. Irin tsarin da masanin tattalin arziki Vernon Smith ya gwada da ɗalibai ke nan, ya wallafa a 1962.

Mataki na biyu shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Ka zuba 'yan kasuwa marasa wayo ko kaɗan, waɗanda ke jefa farashi barkatai. Sharaɗi ɗaya za ka gindaya musu: ba saye ko sayarwa a kan asara. Dhananjay Gode da Shyam Sunder sun yi haka a 1993, sai ga kasuwar ta fitar da kusan duk ribar da ke cikinta, kamar yadda ta yi a hannun mutane. Ashe dokar cinikin ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Wanda bai fara da waɗannan sakarkarun ba, duk abin da ya gani daga baya zai ɗauka hazaƙar 'yan kasuwarsa ce.

Sai awo. Idan iyakar mai saye 100 ce, uwar kuɗin mai sayarwa 60, akwai ribar 40 tsakaninsu, ko a nawa suka daidaita. Ka tara ribar duk cinikin da aka yi, ka raba da mafi girman ribar da kasuwar za ta iya bayarwa. Ka kuma duba nisan kowane ciniki daga farashin daidaito, wato farashin da yawan kayan da ake son saye ya yi daidai da yawan wanda ake son sayarwa, domin a nan ake gane mai tunani.

Yanzu ka ƙara musu hankali, ɗabi'a ɗaya a kowane zagaye. Dave Cliff ya nuna a 1997 cewa farashin marasa wayon kan kauce wa daidaito idan yanayin buƙata da na samuwar kaya ba su yi kama ba. Ya gyara da 'yan kasuwa masu rage ko ƙara ribar da suke nema gwargwadon cinikin da suka gani. Bayan wannan ka sa tsoron asara: masana halayyar ɗan'adam Tversky da Kahneman sun kimanta a 1992 cewa zafin asara ya ninka daɗin riba sau 2.25.

Kowane tsari ka maimaita shi sau ɗaruruwa, kana sauya lambar da kwamfuta ke farawa da ita wajen zaɓen barkatai, sannan ka kwatanta matsakaicin da na marasa wayon.